Gayyar Kawu Sirajo

Abdulrashid ya dawo Kaura Namoda da digiri, da kwamfuta, da wani ra'ayi da babu wanda ya roƙe shi: wai sai ya gina wa mutanen garinsu manhajar waya. Ya kama ɗaki a saman wani shagon taki, shi da Muhsina, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta fi shi iya aikin kuma ta san ta fi shi. Suka rataye allon suna. Damina ta zo ta wuce, babu wanda ya hau matakalar sai mai kawo musu kunun zaƙi.

"Yaya, in Sallah ta zo ba mu samu aiki ba, Kaduna zan tafi," in ji Muhsina. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya yarda da gaske take.

Ya sayar da babur ɗinsa ya sa talla a shafin bincike na intanet. Tsarin ba wuya: wanda ya rubuta yana neman masu haɗa manhaja, sunan kamfaninsu ne zai fito masa a sama. Gani kyauta ne. Dannawa ce ake biya, kowace ɗaya, ko mai dannawar zai ba da aiki ko yatsansa ne ya zame.

Kuskurensa guda ne. Ya je gaisuwa Dauran, ya nuna wa Kawu Sirajo tallar, don tsohon ya ga karatun bai tafi a banza ba. Kawun ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. Mutum ne da bai taɓa barin gonar ɗan'uwa ta kwana da ciyawa ba, kuma hanya ɗaya ya sani ta taimako: a tara jama'a.

Kafin mako ya zagayo, dannawa ta yi ambaliya. Abdulrashid ya yi ta murna har Muhsina ta juyo masa da taswirar masu dannawar.

"Duba inda suke fitowa. Dauran. Zurmi. Shinkafi. Har Jangeru, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Yaya, makiyayan Jangeru ne ke neman manhaja?"

Ya kira kawun nasa.

"Ka gani ko?" in ji tsohon, muryarsa fal da daɗi. "Bayan Juma'a na tsai da mutane na gaya musu. Kowa ya danna da sahe, ya danna da marece. Nagoggo ma, da ba ta gani sosai, jikokinta ka danna mata. Yaro, mi ya rage mu yi?"

Amsar tana bakinsa. Amma ta yaya za ka gaya wa mutumin da ya ciyar da kai cewa alherinsa ne ke cinye ka?

"Babu komai, Kawu. Allah ya saka."

"Matsoraci," in ji Muhsina, idonta na kan allon kwamfuta.

A tsarin tallar akwai wurin da ake zana da'ira a taswira, a ce kada waɗanda ke ciki su gani. An yi shi ne don kauce wa wuraren da ba a da ciniki. Abdulrashid ya zana ta a kan Kaura, Zurmi da Shinkafi, ya daɗe yana kallo. 'Yan hatsin Kasuwar Daji, da ya dawo dominsu, suna tsakiyarta.

Bayan kwana biyu Kawu Sirajo ya kira a ruɗe.

"Abin nan ya ɓace! Maƙiya ne. Kada ka damu, na aika wa direbobinmu masu zuwa Gusau, can an ce yana hitowa."

Abdulrashid ya yi godiya, ya faɗaɗa da'irar ta haɗiye jihar baki ɗaya.

Ana jajibirin Sallah wata mai kantunan magani da ta ga tallar ta kira daga Kano, tana son manhajar lissafin kaya. Muhsina ta kwance jakar da ta ɗaure don Kaduna.

"A ina ofishinku yake?" matar ta tambaya.

"Kaura Namoda, Hajiya."

"Ikon Allah. Ƙanina yana can, na sa shi ya bincika ku. Ya ce ko sunanku bai gani ba."

"E," in ji Abdulrashid. "A gida ba a ganinmu."