Ƙofar Ƙasa

Ti Baltazar Carapinha ya kama kambun ƙarfen da hannu biyu ya murɗa. Ya ƙi motsi. Ya tofa yawu a tafinsa, ya danna da ƙirji, tsatsa ta yi ƙara, ƙofar ƙasa ta dam ta buɗe. Ruwa ya fito da ruri, baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ya san warin nan. Ubansa, wanda ya riƙe makullan dam ɗin kafin shi, ya taɓa kwaɗa masa mari a kan wannan ƙofar. Ba a buɗe ta a watan Agusta. Ruwan gindin dam da zafi mataccen ruwa ne, babu iska a cikinsa, sai laka.

Amma ƙarfe bakwai ta wuce, Dotora Filipa kuwa, masaniyar kifin da ke kula da rafin, ƙarfe goma za ta iso.

Shekara biyu ke nan ba a yi ruwan kirki ba. Rafin da ke ƙasan dam ya yanke, saura gurabe biyu, a cikinsu saramugo ke fakewa, ɗan kifin da bai kai tsawon yatsa ba, wanda aka ce ya kusa ƙarewa a duniya. Hukumar ruwa ta ba da umarni a riƙa sakar musu kaɗan kullum ta ƙofar tsakiya. Baltazar ya bi, har ranar da Gervásio, ƙanin matarsa, ya ja shi gona ya nuna masa tumatir yana zubar da fure. Ranar ya rufe ta tsakiya, ya juya rabon kifi cikin kanal ɗin manoma. Kwana tara ke nan. Jiya Filipa ta bugo waya ta ce tana tafe. Rafin ya bushe ƙayau, duk mai ido zai gane. Ƙofar tsakiya siririya ce, ba za ta jiƙa shi cikin awa biyu ba. Ta ƙasa za ta jiƙa.

Wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a kan dam. Gervásio ya leƙo yana toshe hanci.

"Kai, suruki! Wa ya mutu a nan?"

"Wuce gonarka."

"Au, mai digiri ce za ta zo, shi ne ake yi wa rafi wanka?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kifin da ko kyanwata ba ta kallo. Ka soya ɗari, ba su rufe burodi ɗaya."

"Na ce ka wuce."

"Gida shida ka ceta, tsoho. Ka shigo mashayar Zulmira da rana, kofinka na farko a kaina."

Baltazar bai ɗago ba. Motar ta tafi. Tara da rabi ya rufe ƙofar ƙasa, ya buɗe ta tsakiya, ya wanke hannunsa da sabulu sau biyu, ya zauna a bakin ɗakin gadi.

Filipa ta iso a kan lokaci. Jikar Anacleto ce, makiyayin da ya yi shekara talatin yana shayar da tumaki a rafin nan. Baltazar ya san ta tun tana gudu ba takalmi. Ta miƙa masa ƙunshi.

"Cuku ne, Ti Baltazar. Mama ta ce in kawo maka. An sallame ta daga asibiti jiya."

"An gode."

"Yaya 'ya'yana na rafi?"

"Suna nan."

Ta ɗauki bokitai biyu da koma da na'urar awonta, suka gangara. Duwatsun rafi a jiƙe suke, sun yi baƙi. Suka isa gurbin farko.

Kifin sun rufe saman ruwan, ciki sama, farare kamar an watsa ganyen zaitun. Iska ta tara su a gefe ɗaya. Filipa ta shiga har gwiwa da takalmanta, ta tsoma na'urar, ta duba. Ta girgiza ta, ta sake tsomawa. Ta ɗebi ruwan a tafi ta shinshina.

"Ruwan gindi ne," in ji ta.



"Dam ya ja baya," ta ce, ba shi take kallo ba. "Mataccen ruwa ya hau har ya kai ƙofar tsakiya. Duk mako ya kamata in auna. Kwana goma sha biyu ina asibiti wajen Mama, ko sau ɗaya ban zo ba." Ta tsuguna a cikin ruwan. "Ni na ce ka buɗe ta. Kai ka bi abin da na rubuta. Da hannuna na kashe su."

"Dotora…"

"Ka ga yadda suka yi mini a taron manoma. Yarinya ce, me ta sani. Shekara uku ina faɗa kafin a ba ni ruwan nan. Yanzu za su karɓe shi, su sallame ni, kuma suna da gaskiya." Ta share fuska da gefen hannu. "Kar ka damu. Zan rubuta cewa ba ruwanka."

Ba wanda ya gani sai Gervásio, shi kuwa ba zai faɗa ba. Shekara arba'in da ɗaya Baltazar yana riƙe da makullan nan, ba a taɓa cewa ya ƙara wa wani ko cokali ba. Abin da yake da shi ke nan a garin. In ya yi shiru, mutuncinsa yana nan. Ya dubi bayan yarinyar, rigarta ta jiƙe da gumi, kafaɗunta na rawa.

"Ba ta tsakiya ba ce."

Ta juyo.

"Ta ƙasa na buɗe. Yau da safe. Awa biyu da rabi."

"Ta ƙasa? Kai? Kai ne fa ka koya mini ba a…"

"Na sani."

"To don me?"

"Na ba kanal ruwansu. Rafi ya bushe. Ban so ki gani ba."

Ya jira ta zage shi. Da ta zaga, da ya fi masa sauƙi. Ta miƙe a hankali, ruwa na zuba daga wandonta.

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Ka san sai na rubuta."

"Rubuta. Da sunan ubana, cikakke. Ba Gervásio ya murɗa ba, ni ne."

Ta ɗauki koma ta nufi gurbi na biyu, ya bi ta da bokitai. Can baƙin ruwan ya iso da sauƙi. Wasu sun mutu, wasu suna sama suna haki. Ta aike shi rijiyar ɗakin gadi ya ɗebo ruwa mai kyau. Ya hau, ya sauko, gwiwoyinsa na ƙara. Tana kamowa tana zubawa, shi yana riƙe.

Goma sha ɗaya suka samu da rai.

Ta ciro waya, ta hau kan dutse inda ake samun layi, ta ba shi baya. Ya ji ta gaida shugabanta, ya ji ta faɗi sunansa, cikakke.

Rana ta kai tsaka, babu ko inuwar kara a wurin. Ruwan bokitin ya fara ɗumi. Baltazar ya cire hularsa ya kifa a kai, ya tsaya da sanƙonsa a rana yana jira ta gama.