Zagayen Murhu

Tsohuwa Filinna ta ga tukunyar tun kafin a gaya mata komai. Sabuwa fil, an ajiye ta a bayan ƙofa, bakinta daidai shigar jariri.

Ita ta shayar da Damasiyas, mai gidan nan, ita ta share masa majina. Yau ya yi gemu, matarsa ta haifi 'ya mai lanƙwasasshiyar ƙafa, wai ba zai zagaya murhu da ita ba. Kowa kuwa ya sani, jaririn da ubansa bai ɗauka ya zagaya murhun gida da shi a gaban dangi ba, ba ɗan gida ba ne. A tukunya ake sa shi, a kai gindin dutse a bar wa karnuka.

Dangi sun cika ɗakin, ga zaitun ga giya, kowa ya sunkuyar da kai. Matsorata!

Filinna ta shigo rungume da jaririyar, ta tsaya tsakanin murhu da ƙofa.

"Inna, sa ta a tukunya," in ji Damasiyas.

"Kada ka ƙara ce mini Inna. Da na san abin da nake shayarwa, da ɗan akuya na ba nonon."

"Ke baiwa ce, kada ki manta!"

"Baiwar da ta wanke maka kashi. In ka isa, zo ka sa ta da hannunka."

Ya fizge yarinyar zai nufi ƙofa. Filinna ta zaro itace mai wuta ta tare shi. Ya kauce, ta kai masa wutar wajen gemu. Ya ja da baya ya bi ta bayan murhu, tana biye da shi, tana zagi, gwiwoyinta na ƙara, har ya dawo daidai inda ya taso.

Sai ta yar da itacen, tana haki.

"Kun gani ko ba ku gani ba?"

Baffan Damasiyas, dattijon dangi, ya ɗago kai. "Mun gani. Ya zagaya da ita, 'yar gida ce."

Damasiyas ya dubi murhun, ya dubi abin da ke hannunsa, idonsa ya yi jajir. Ya juya ga Filinna.

"Gobe za a kai ki gonar bayan dutse. Can za ki mutu."

"Na ji, ɗan nan."

Ta ɗauki tukunyar ta rotsa da ƙasa. Sannan ta ɗaura farin ulu a ƙofar gida, yadda ake yi in an sami 'ya mace. Ba ta sake ganin yarinyar ba.