Zaren Bakin Agwagwa

Tun da suka shiga titin Insadong mai shagunan kayan gargajiya, bakin tsoho Man-su bai huta ba. Ya kushe fitilun takarda, ya kushe butocin shayi, har fanken da yake ci ya ce na zamaninsu ya fi zuma. Matarsa Bok-sun ta yi masa kunnen uwar shegu, ita dai agwagin katako take nema na bikin jikarsu.

Ta same su a wani ɗan shago, mace da namiji. Mai shagon ya ɗauko zare zai ɗaure bakin macen kamar yadda aka saba, wai don amarya ta iya bakinta a gidan miji.

"Dakata, ɗana," in ji Bok-sun. "Namijin za ka ɗaure."

"Haba Iya, ai ba haka ake yi ba."

Nan Man-su ya gyara tsayuwa ya shiga bayanin al'ada, tun daga kan kakan kakansa. Fanke ya huce, bayani bai ƙare ba. Can mai shago ya miƙa hannu a hankali ya ɗauko namijin.

"Yawwa," in ji Bok-sun. "In zaren ya yi saura, miƙo mini."