Kaset ɗin Zulai ya juya da kanshi

Yaya Saudatu, in dai labarin bai riga takardar nan isowa Anka ba, to zauna ki ji daga bakin wadda anka yi gabanta. Ni da Nuruddeen ga bayana, tabarma ta biyu daga gaba, ba abin da ya wuce ni.

Kin san Zulai matar Murtala, wanda yat tahi Jidda shekara ukku ke nan. Ita ce ranar sunan Nuruddeen tac ce wasu sun baro aji biyu na sakandare sun zo suna haihuwa kamar awaki. To jiya anka yi walimar auren Khairiyya, ƙanwar Murtalan, filin Islamiyyar unguwarmu nan Bukkuyum. Tunda anka hana makaɗa, sai dai kaset ɗin mandiri mata su yi tahi. Zulai tac ce kada kowa ya wahala, ita ke da kiɗa. Tana da wata 'yar rikoda kamar tahin hannu, wokman, wadda Murtala ya aiko tun shekarar farko. Mako guda tana yawo da ita gida gida, wai da kanta take juya kaset, ba irin rikodarmu ba da sai an buɗe an birkita.

Jibo mai lasifika anka ɗauko. Kin san namiji ba ya zama cikin mata, sai ya aje amfilifaya da batirin mota cikin ofishin malamai, ya ja waya ta taga, ya ɗaure bututun lasifika can ƙololuwar iccen bedi. Da Zulai ta kai mishi wokman ɗin, bakin wayarshi yaƙ ƙi shiga. Ya juya, ya hura, yac ce sai dai a yanke abin kunnen.

Tac ce, "Malam Jibo, wannan daga Saudiyya yaz zo hwa."

Yac ce, "To Hajiya, ki sa ma kowa ga kunne ɗaya bayan ɗaya."

Muna bakin taga muna dariya. Dole ta yarda. Ya yanke, ya feɗe wayar da haƙori, ya murɗa ta da tashi, ya naɗe da leda. Mandiri ya tashi har kasuwa ana ji. Da kunnena na ji tana ce mishi in gefen ya ƙare ya maida baya, kada ya juya. Yac ce to.

Sai ta koma cikin fili tana rabon wuri. Ni ta tashe ni daga kujera, wai ta manyan baƙi ce, mai goyo tabarma ta fi mata.

Anka kira la'asar. Jibo ya kashe har ladan ya gama, ya sake kunnawa, ya sa ma ofis kwaɗo saboda kayanshi, yat tahi masallaci da makulli ga aljihu. Zulai kuwa tana can aji na ƙarshe tana ɗaura ma amarya kallabi.

Waƙa ta ƙare. Munka ji ƙas. Sannan shuuu, sai sallama, muryar Zulai daga kan bedi, irin muryar mai mura.

Ashe bayan kaset ɗin ta ɗauki saƙon da za ta ba wani mai tahiya Umra ya kai ma Murtala. Kin san yadda ake yi, a liƙe ramin kaset da takarda a yi magana bisa. Ba ta samu sabo ba sai ta hau bayan na mandiri.

"Alhaji, ni ce. Takardar da ka aiko tana cikin matashina, ko Inna ban hwaɗa ma ba. Jini biyu sun wuce, saura ɗaya. Don Allah ka ce ka maishe ni, ko ga baki, ko ga wanga mutum da zai kawo ma kaset."

Wata tsohuwa daga Nasarawa Burkullu ta ɗauka wa'azi anka sa, tana cewa Allah shi kyauta, sai da anka taɓa ta.

Zulai ta fito da gudu, kallabin amarya ga hannunta. Ta ja kwaɗo, ta buga ƙohwa da kafaɗa. Ta zura hannu ta taga, teburin ya yi mata nisa. Ta yi tsalle don ta kamo wayar bedi, ashe Jibo ya ɗaure ta sama don yara. Duk wannan muryarta na bisa kanta tana cewa atamfar da take nuna ma mutane ba shi ya aiko ba, akuyarta ta kai Gummi ta sayar ta sayo. Tana cewa ko ba ta haihu ba ya bar ta ta zauna tana yi ma Inna tuwo, ba za ta nemi komi ba. Sannan kuka, da jan majina, lasifika na ƙara shi.

Ta juyo tana ce muna, "Ku taimake ni, wani ya kira Jibo." Ba wadda ta motsa. Husaina maƙwabciyarmu tac ce, "Bari dai mu ji ƙarshe, ai kin ce da kanta take aiki." Ni kam na sauko da Nuruddeen na aza shi ga cinya ina mishi rawa, inda za ta gan shi da kyau.

Maza sunka sallame salla suna ji tun daga sahu. Kafin Jibo ya iso da makulli muryar ta kai wurin gaishe-gaishe.

Inna Ladidi, uwar Murtala, ba ta ɗaga murya ba. Ta taka har gabanta tac ce, "Wata biyu kina cin tuwona da takarda ƙarƙashin kanki." Ta miƙa hannu ta zare mata ɗankwalin anko, tac ce na dangi ne. Malam Shehu na Islamiyya yac ce shari'a ta ba ta zama ɗakinta har idda ta cika. Inna tac ce ta cika ta gidan ubanta.

Yau da hantsi mai mashin ya ɗauke ta zuwa Zugu gidan ubanta, jaka guda ga cinya, ta rufe fuska da hijabi. Na tsaya ƙofar gida na ce mata Allah shi kiyaye hanya.

Ki hwaɗa ma Ummukulsum, ita ma ta sha bakin Zulai. In kuma akwai mai zuwa Gummi ran kasuwa, ki ba ta labarin ta kai ma 'yan ajinmu, kada ki rage wurin akuyar.