Ranar da Aka Gyara Komai

Mai ɗinki ta sake danna maɓallin lif ɗin, wannan karon da tafin hannu. Shiru. Ta kara kunne a jikin ƙofar ƙarfen, ba ta ji komai ba sai gurnanin tantabarun da suka yi sheƙa a cikin ramin tun da ya lalace. A bayanta mahaifiyarta na zaune a keken marasa lafiya, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, jakar asibiti a cinyarta.

"Ko bai farka ba ne?" in ji tsohuwar.

"Inna, don Allah ki bari."

Ta ciro waya ta sake karanta saƙon da ya shigo jiya da yamma daga ofishin masu kula da ginin: an kammala gyaran lif, mun gode da haƙurinku. Saboda wannan saƙon ne ta sallami maƙwabtansu, direba da mai walda, waɗanda suka saba sauko da Inna daga hawa na biyar duk ranar wankin ƙoda. Har godiya ta yi musu, ta ce yau su tafi aikinsu da wuri, sun huta. Yanzu ga tasi na jira a ƙasa. A asibiti kuwa in lokacinka ya wuce, wani ake ɗorawa a kan injin, kai kuma ka koma gida da ruwanka a jiki.

Ta sauka da gudu, zuciyarta na tafasa. Ofishin ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, kuma ta tarar an riga ta. Ga wani dattijo riƙe da bokitin da yake tarar yoyon rufinsa, ya kawo shi da ruwan a ciki don shaida. Ga matar marigayi mai gyaran agogo, tana nuna wa kowa wayar mijinta, wadda har yanzu take yi wa caji. An aiko masa cewa an gyara famfon da ya yi ƙorafi a kai kafin ya rasu.

Mai ɗinki ta ratsa su ta dafa teburin manaja.

"Wane ne ya gyara lif?"

"Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, kuskure ne na na'ura."

"Ban tambaye ka na'ura ba. Uwata na sama tana kumbura. Wa ya ce an gyara?"

Manajan ya sassauta abin wuyansa. Ya nuna kwamfutar da ke gabansa, inda mataimakin nan yake, wanda ake yi wa magana ya amsa kamar mutum, ba ya gajiya, ba ya fita cin abinci. Ya ce jiya shugabanninsa suka sanar za su duba aikin kowane gini. Ya buɗe jerin ƙorafin ya gan shi ja wur har ƙasa, sai ya ce wa mataimakin ya sa wa ayyukan alamar an gama.

"Ya tambaye ni, duka? Na ce duka. Wallahi ban san zai aika wa mutane saƙo ba."

"Wato da bai aika ba, da shi ke nan?"

Mai bokiti ya yi dariyar takaici. "Ni ma ashe rufina ya warke ban sani ba."

"Ka ce masa ya mayar da su yadda suke," in ji mai ɗinki. "Yanzu, a gabana."

Manajan ya sunkuya ya faɗa wa kwamfutar. Muryar ta amsa a natse, da ladabi mai ƙona rai. Ta ce rufe ayyuka ana iya yi a dunƙule, amma buɗe su sai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa, kuma za a sanar da shugabanni. Ta tambaya ko ta fara.

Manajan ya janye hannunsa daga teburin a hankali ya ɗora a cinya. Mai ɗinki ta ga hannun, ta gane ba zai buɗe ko ɗaya ba. A waje mai tasi ya danna ham.

"Tashi," ta ce.

"Ina za mu?"

"Cire kwat ɗinka ka biyo ni."

Ya duba fuskokin da suka cika ƙofar, bai ga ta inda zai bi ba. Matar marigayin ce ta karɓi kwat ɗin ta rataye masa a bayan kujera.

A sama, Inna ta ƙare masa kallo. "Wannan ai bai kai mai walda ƙarfi ba."

"Zai iya," in ji 'yarta.

Ya durƙusa, aka ɗora masa ita a baya. Mai ɗinki ta naɗe keken ta bi su tana jan sa, yana bugun kowace matakala. Kafin hawa na uku rigarsa ta manne da jikinsa, numfashinsa na fita kamar famfon da ruwa ya ƙare masa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihun gaba, ta kusa faɗuwa. Inna ta zaro ta, ta kai ta kusa da idonta.

"Ɗana, shugabanninka ne. Wai suna taya ka murna, gininka ne kaɗai ba a bin sa ko aiki guda."

Ya ci gaba da sauka har suka iso ƙasa. Ya zaunar da ita a cikin tasin, ya dafa murfin motar yana haki.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Zan ga abin da za a yi."

Mai ɗinki ta tura keken cikin but ɗin motar ta rufe da ƙarfi. Ta shiga kusa da mahaifiyarta, sannan ta sauke gilashi.

"Saƙonku ya ce lif na aiki," ta ce. "Da yamma za mu dawo. Ka ci abinci sosai, hawa ya fi sauka wuya."