A-kori-kurar da Aka Raba Gida Uku

Mudi bakanike yana ɗaga murfin gaban motar, sai ga kaza ta yi fir ta bi ta kansa tana kyarkyara. Ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago ya dubi abokinsa.

"Saminu, ina injin?"

"Wane irin ina injin? Duba da kyau mana."

"Na duba. Ƙwai bakwai ne a ciki."

Saminu ya matso ya leƙa da kansa. Wallahi ƙwai ne, jere a kan tsumma, ta ƙasansu kuma ana hango ciyawa. Bai san lokacin da hannunsa ya kai kan aljihu ya dafe ba.

Kuɗin sa ne a aljihun. Shanun huɗa biyu gare shi, ya kai ɗaya kasuwa ya sayar saboda wani hoto da ya gani a waya: tsohuwar a-kori-kura fara, a wata unguwa bayan Maska, araha kamar kyauta. Shekara goma sha biyar yana ɗora masararsa a motar wasu zuwa Dandume, direbobi suna yi masa yanga, ya gaji. Matarsa Zuwaira ta ce masa, "Malam, sa ɗaya fa ba ya jan garma, ga gabas ta fara haɗa hadari." Ya ce mota za ta biya hayar tarakta har a samu canji. Yanzu in kuɗin nan suka tafi a banza, ba mota, ba huɗa, bana gonarsa sai dai ta zama saura.

Mai motar, wani dattijon Bamaguje mai suna Tanimu, yana zaune a gindin ɗorawa yana tufkar igiya, hankalinsa kwance.

"Baba Tanimu, ina injin motar?"

"Yana Danja wurin ƙanena Yusufu. Niƙa yake yi da shi."

"Aro ya yi?"

"Aro kuma? Ai nasa ne."

Saminu ya dubi Mudi, Mudi ya dubi sama. Tsohon ya ajiye igiyar ya yi musu bayani a tsanake, kamar wanda ke koya wa yara ƙirga. Motar ta mahaifinsu ce. Da ya mutu suka ce in an sayar kuɗi narkewa za su yi, gara kowa ya ɗauki abin da zai yi masa aiki. Yusufu ya cire inji. Shi Tanimu, da yake shi ne babba a maza, aka bar masa jiki.

"Ni nawa na ce zan sayar, Malam. Ban taɓa sa wa kayan wani kuɗi ba."

Mudi ya zagaya baya, ya ture ciyawa da ƙafa, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Tayoyin gaba suna nan, sun lotse. Bayan motar kuwa a kan tsofaffin turame biyu yake zaune.

"Ƙafafun baya fa, Baba?"

"Na yayarmu Laraba ne."

"Takardu?"

"Gara ma ta ci nata rabon."

Kan Saminu ya ɗaure tamau. Ya ja ƙofar ya shiga, ba kujera, sai wani kututture da aka ajiye. Ya zauna a kai ya kama sitiyari da hannu biyu. Abin haushi, nan take ya ji motar ta ƙara shiga ransa. Ta gilashin da ya tsage yana ganin kansa a hanyar Funtua, buhuna shaƙe a baya, yana ɗaga wa 'yan majalisarsu hannu, waɗanda tun shekaranjiya suka fara kiransa mai mota. Ya ɗan murza sitiyarin, sai ya zare ya biyo hannunsa.

"Mudi, don Allah gaya mini gaskiya."

Mudi ya ƙwanƙwasa jikin motar da sifana, ya kasa kunne. "Ka ji ƙarfe? Tsohon ƙarfe ke nan, yanzu ba a yin irinsa. Ko tsatsa babu."

"Wato in saya?"

"Ban ce ba. Inji kawai sai ya ci sanka ɗayan."

"To in bari?"

"Shi ma ban ce ba. In 'yan gwangwan suka ji labarinta, gobe ba ka tarar da ita."

"Kai dai Allah ya shirye ka! Me na ɗauko ka ka yi mini?"

"Ka ce in duba inji. Na duba."

Suna cikin haka wata tsohuwa ta iso da ɗaurin itace a kafaɗa, ta sauke, ta tsaya tana kallon mutumin da ke zaune a kan kututture rungume da sitiyari. Laraba ce. Da ta ji abin da ya kawo su ta ce su biyo ta su ga ɓangaren motar da bai taɓa hutawa ba.

A bayan ɗakinta amalanken shanu ne, katakonsa ya sha aiki har yana sheƙi, tayoyinsa cike da iska. Mudi ya tura shi da hannu ɗaya, ya gangara sumul ba ko ƙara. Kusa da shi wani ɗan bijimi ja yana ɗaure a turke.

"Shekara tara yana kai mini taki gona," in ji ta. "Watan jiya ɗan'uwan wannan ya ci leda ya mutu. Ni kuma ƙafa ta ƙi. Ga amalanke, ga sa ɗaya, sai kallon juna suke."

"Ni ma ɗaya gare ni, Inna," in ji Saminu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To kai da me za ka yi huɗa, yaro? Da turamen Tanimu?"

Kunya ta kama shi. Ya waiwaya ya hango farar motar tana ƙyalli a rana, ya dubi bijimin, ya sake waiwayawa. Iska mai ƙamshin ruwa ta taso daga gabas ta kaɗa ganyen ɗorawa. Ya durƙusa ya buɗe bakin bijimin ya duba haƙora, kuma wannan karon bai tambayi Mudi komai ba. Nan suka yi ciniki da Laraba, kuɗin aljihunsa suka tafi a bijimin da amalanken.

Bayan azahar ya koma gida ta bayan gari don kada 'yan majalisa su gan shi, ya kwanto sansa ya jawo shi a ƙafa. Aka haɗa shi da bijimin a karkiya, suka ɗan yi gardama, suka daidaita. Zai tashi ke nan ya tuna sitiyarin yana cikin amalanken, ya miƙa wa Tanimu.

"Riƙe abinka, gyara ce," in ji tsohon. "Jikin kuwa ba inda za shi. Duk ranar da ka shirya yana nan."

La'asar sakaliya Zuwaira ta ji ƙarar kofato a ƙofar gida, ta leƙo. Ga shanu biyu, ga amalanke, ga maigidanta a sama da sitiyari a cinya. Ta ƙirga shanun da ido, ta sake ƙirgawa, ta sauke ajiyar zuciya har sai da ya ji.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina motar?"

Ya nuna tayoyin da ƙafa. "Ga ƙafafunta na baya."

"Sauran fa?"

Ya shafa sitiyarin, shi kansa bai san ko ya ci riba ko ya faɗi ba.

"In Allah ya kai mu kaka," ya ce, "zan leƙa Danja in ji ta bakin Yusufu."

Zuwaira ta karɓi sitiyarin daga hannunsa, ta juya shi gaba da baya, ta shige ciki. Da ya ɗaure shanun ya shigo, ya tarar ta ɗora randar ruwa a kansa, ta zauna daram.