Farin Maɓallin da Ya Ƙi Tashi

Ranar Lahadi da hantsi Odile Beauchemin ta iso wani ƙaramin gari a yammacin birnin Winnipeg, inda za ta kaɗa fiyano da ƙarfe uku na rana. Shekarunta hamsin da takwas. Ta zaga manyan birane da kiɗanta har ta ƙoshi, yanzu kuwa garuruwan manoman alkama ta fi so, domin mutanensu ba sa tari a tsakiyar kiɗa.

Ta ɗumama yatsunta a jikin kofin shayi, sannan ta zauna gwada fiyanon zauren taron garin. Muryarsa garau. Amma da ta kai tsakiya, sai wani farin maɓalli ya nutse ya ƙi tasowa. Ta ɗago shi da farce, ta sake dannawa, ya sake kwanciya.

Wendell Friesen, dattijon da ya yi shekara talatin yana kula da fiyanon, ya leƙa cikinsa da tocila, ya girgiza kai.

"Madam, katakon ne ya kumbura. Jiya matan coci suka yini suna dafa miyar kabeji a nan, tururi ya shige shi. Sai an kwance shi, aikin yini guda ne."

"Baba Wendell, ƙarfe ɗaya fa ta gota."

"Ai ni ma na ɗauro agogona."

Odile ta sake duban fiyanon. Babu kiɗa ko ɗaya a cikin waɗanda ta haddace da bai bi ta kan maɓallin nan ba. Ta taga kuma tana hango motocin farko suna shigowa, dusar ƙanƙara a kansu, wasu daga gonaki masu nisan awa biyu. Ko dai a sami dabara, ko a sallami mutanen nan su koma yadda suka zo.

Wendell ya yi gyaran murya. "To, in kin danna, ni kuma in ɗaga mana."

"Hannun wani a tsakanin hannuwana? Ko mijina bai taɓa gwada haka ba."

"Mijinki mai gyaran fiyano ne?"

Dariya ta kuɓuce mata. Ta matso masa da kujera kusa da ita.

Gwajin farko, sai ta sauka a kan yatsansa.

"Wayyo! Ke da ganinki kamar iska za ta kwashe ki, ashe guduma ce a hannunki!"

"Kai ne ka shigo gonata ba sallama."

Wendell bai iya karanta takardar kiɗa ba, saboda haka ta koya masa wata hanyar: ya daina kallon maɓallin, ya riƙa duban wuyan hannunta, da zarar ya ɗaga, ya miƙa yatsa ya janye. Suka yi ta maimaitawa har aka buɗe ƙofa.

Zaure ya cika. Da mutane suka ga Wendell zaune a gefen baƙuwa, sai raɗe-raɗi ya tashi. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Yaushe kuma Wendell ya zama makaɗi?"

Odile ta fara. Da farko hankalinta na kan baƙon yatsan da ke shiga yana fita kamar kaza mai tsintar hatsi. Sannu a hankali ta manta da shi. Duk lokacin da ta dawo wurin, sai ta tarar da maɓallin a tsaye yana jiranta. Tun tana 'yar shekara bakwai take zaman kujerar fiyano ita kaɗai, ba ta san akwai daɗi a zama da wani ba. A wuri mafi sauri na kiɗan ƙarshe, yatsanta ya sauka bai sami komai ba, maɓallin yana kwance. Ba ta ko ƙifta ido ba, ta wuce abinta har ta dire.

Mutane suka miƙe suna tafi. Ta kamo hannun Wendell, yana noƙewa, ta ja shi gaba suka rusuna tare. Gumi ya jiƙe wuyan rigarsa.

Ba tare da ta daina murmushi ga jama'a ba, ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Sau ɗaya ka makara, Baba."

"A'a, Madam," in ji shi, yana sake rusunawa. "Sau ɗaya dai kika yi gaggawa."